Murya Kyautar Allah Ce, Amma Sai Da Malami

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani baƙin mutum na ƙasar Amurka, sunansa Simon Estes, wanda ya zaga duniya ba da fatauci ba, ba da sarauta ba, sai da muryar da Allah ya sa masa a maƙogwaro. Na san wani zai ce, ina ruwan mutumin Nasarawan Doya da mawaƙin Amurka? To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, gama maganar tamu ce, ta kuwa fi shafar malaman makaranta da iyayen yara.

Da fari ya kamata in bayyana irin sana'ar mutumin nan, don kada a zaci irin waƙar da mu ke ji a gidan biki ce. Turawa suna da wani wasan kwaikwayo da su ke kira ofera, wanda aka fara a ƙasar Italiya wajen shekarar 1600. A cikinsa galibi ba a magana, sai waƙa. In sarki zai yi fushi da waƙa zai yi, in uba zai yi wa 'yarsa faɗa da waƙa zai yi, mai mutuwa ma da waƙa ya ke barin wasiyya. Gaban dandalin akwai wani rami inda makaɗa ke zama, su saba'in ko tamanin ko fiye, da gogen Turawa manya da ƙanana, da sarewa, da ƙahoni, da ganguna. Abin mamaki kuwa, mawaƙin ba shi da na'urar ƙara murya. Da ƙirjinsa kaɗai zai ɗaga murya ta haye bisa dukan kiɗan nan, ta kai ga mutumin da ke zaune can ƙarshen zaure. Babban gidan wasan da ke birnin Niyok, wanda a ke kira Metropolitan, yana da kujeru wajen 3,800. Mai karatu ya kwatanta da kansa irin numfashin da wannan aiki ke bukata.

Sun kuma rarraba muryoyi kashi-kashi, kowace da sunanta da aikinta. Ta mata mai tashi sama ita ce sofarano, mai bi mata alto. Ta maza siririya ita ce tena, matsakaiciya bariton, mai kauri can ƙasa kuwa bas. In an kwatanta da kayan kiɗan fada, tena ita ce algaita, bas shi ne tambari. Tsakanin bas da bariton akwai wata murya da su ke kira bas-bariton, watau mai zurfin tambari, amma in waƙa ta bukaci a hau sama sai ta hau ba tare da shaƙewa ba. Mai irin wannan murya ba kasafai a kan ba shi matsayin saurayi mai neman aure ba. Shi a kan naɗa sarki a cikin wasa, ko uba, ko babban malamin tsafi, ko Iblis kansa, domin su ne masu maganar da ke da nauyi. Wannan ita ce muryar Simon Estes.

An haife shi cikin 1938 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Centerville, a jihar Ayowa. Ubansa mahaƙin kwal ne, kakansa kuwa bawa ne wanda aka taɓa sayarwa a kan dala 500. Gidansu gidan talauci ne, a zamanin da baƙar fata ke shan wariya a Amurka. Tun yana yaro ya ke waƙa a majami'ar garinsu, amma bai taɓa tunanin waƙa za ta zama abin cinsa ba. Cikin 1957 ya shiga Jami'ar Ayowa da nufin karatun likita, yana karatu yana 'yan ƙwadago don ya sami abin sa wa baki. Ya shiga ƙungiyar mawaƙan jami'ar, shi ne baƙin mutum na fari a cikinta. Nan ne wani malamin waƙa, Charles Kellis, ya ji muryarsa, ya kira shi ya ce masa muryar nan ta ofera ce. Saurayin kuwa bai ma san mene ne ofera ba. Sai malamin ya ɗauko faifan wani wasa mai suna Faust ya sa masa, ya zauna ya saurara. Daga ranar nan hanyarsa ta sake. Kellis ya yi ta horonsa, kana ya yi masa hanya har ya shiga makarantar kiɗa ta Juilliard a Niyok cikin 1964.

To, da ya isa neman aiki sai ya tarar ƙofofin ƙasarsu ba su buɗe sosai ga namiji baƙi ba. Gidan Metropolitan bai fara ba baƙar fata babban matsayi ba sai 1955, sa'ad da Marian Anderson ta hau dandalinsa. Mata sun ɗan sami shiga bayan wannan, amma maza abin ya yi musu wuya, kuma shi Estes ya sha faɗin dalilin: waɗansu masu gidajen wasa ba su son a ga baƙin namiji tsaye kusa da Baturiya a matsayin miji ko masoyi, ko da a wasa ne. Saboda haka ya haye teku. Cikin 1965 ya fara fitowa a babban gidan ofera na birnin Balin a Jamus, cikin wasan Aida na Verdi mutumin Italiya. Wannan wasa labarin wata 'yar Sarkin Habasha ne da aka kama baiwa a Masar, a Alƙahira ma aka fara nuna shi cikin 1871. Estes ya fito a matsayin babban malamin fadar Fir'auna. Da shekara ta kewayo, 1966, ya tafi Mosko gasar Tchaikovsky, inda mawaƙan ƙasashe ke gwada ƙwanji, ya zo na uku. Sai ga Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya gayyace shi ya yi waƙa a fadarsa. Duk da haka manyan matsayi a Turai ya ci gaba da samunsu, a gida sai ɗan abin da ba a rasa ba. Cikin 1977 ya hau dandalin La Scala a birnin Milan, wanda mawaƙan duniya ke ɗauka tamkar gidan sarautar wannan sana'a.

Amma babbar ranarsa ta zo cikin 1978, yana da shekara 40. A ƙasar Jamus akwai wani gari mai suna Bayreuth, inda mashahurin mai tsara kiɗa Richard Wagner ya gina gidan wasa na kansa, aka buɗe shi cikin 1876, ba a yin wasan kowa a ciki sai nasa. Jamusawa suna girmama wurin nan ƙwarai. Hitila kansa, mai cewa jinin Jamusawa ya fi na kowa, ya kan zo kallo nan a zamaninsa, aminin iyalin gidan ne. To, a wannan dandali ne jikan Wagner ya kira jikan bawa ya ba shi shugabancin wasa. Labarin wasan na wani matuƙin jirgin ruwa ne mutumin Holan, wanda aka la'anta ya yi ta yawo bisa teku ba mutuwa ba hutawa, sai bayan kowace shekara bakwai a bar shi ya sauka tudu ya nemi macen da za ta riƙe masa amana har mutuwa. Estes ya rera shi da Jamusanci gaban Jamusawa, ya zama baƙin namiji na fari da ya riƙe babban matsayi a gidan. Wata baƙar mace, Grace Bumbry, ta riga shi shiga cikin 1961. Abin ya karɓu har aka yi ta maimaita wasan da shi zuwa 1985.

Sai bayan duk wannan ne ya hau dandalin Metropolitan na ƙasarsu, ran 4 ga Janairu 1982, watau kusan shekara 17 bayan Balin ta karɓe shi. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce, wanda na ke gani yau da gobe. Cikin 1985 ya fito a gidan a matsayin Sarkin Habasha, uban Aida, daren da shahararriyar mawaƙiya Leontyne Price ta yi ban kwana da dandalin ofera. A shekarar kuma shi ya ja gaba sa'ad da gidan ya fara nuna Porgy da Bess, wasan da ke ba da labarin baƙaƙen Amurka. Da girma ya zo masa bai manta da inda ya fito ba. Ya koyar a jami'o'i, ya kafa gidauniyar biya wa yara kuɗin makaranta, ya ɗauki aniyar zaga gundumomi 99 na jihar Ayowa yana waƙa don a tara wa ɗalibai kuɗi. A Afirka ta Kudu an sa wa wata makarantar kiɗa sunansa, bayan 2010 kuma ya shiga tara kuɗin sayen gidan sauro saboda yaran Afirka da zazzaɓi ke kashewa.

Kada a ce sa'a ce ta mutum guda. Ga Willard White, shi ma mai irin muryar nan, wanda aka haifa a Jamaika cikin 1946, ɗan ma'aikacin tashar jirgin ruwa. Shi ma ya bi ta Juilliard, ya cika gidajen wasan Turai, har Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir cikin 2004. Ga kuma wani ɗan Afirka ta Kudu, Musa Ngqungwana, wanda ya tashi a unguwar talakawa a Port Elizabeth. Yana saurayi ya ga hoton majigi na wani wasa da Willard White ke ciki, ya ga ashe baƙi ma yana iya wannan abu. Ya yi karatu a Jami'ar Kef Tawun da Filadelfiya, cikin 2013 ya zama ɗaya daga cikin zakarun gasar da gidan Metropolitan ke shirya wa sababbin mawaƙa.

Na daɗe ina juya labarin mutanen nan a zuciyata, ina tambayar kaina, shin me ya kai su inda suka kai? Murya dai Allah ke bayarwa, bai kuwa ware wata ƙasa ya hana ta ba. Abin da na gano shi ne, abu biyu ne suka ba muryarsu ƙafar tafiya. Na fari malami, watau kunnen da ya ji ya gane, da hannun da ya horar. Da Kellis ya ji saurayin nan ya ce madalla ya wuce abinsa, da ba mu san sunan Estes ba. Na biyu rubutu. Turawa sun ƙago hanyar rubuta karin waƙa bisa layuka biyar, kowane ɗigo yana nuna tsawon sauti da tashinsa da saukarsa, har da inda za a tsaya. Ni akawu ne, ina riƙe da littafin lissafin wani shagon taki da iri, saboda haka na san amfanin wannan. In na kwanta ciwo yau, gobe wani akawu daga Ikara ko Zariya zai buɗe littafina ya ci gaba daga inda na tsaya, ko bai taɓa ganina ba, domin ƙa'idar rubutunmu ɗaya ce. Haka mawaƙin ofera ya ke. Mutumin Ayowa zai koyi rabonsa a ɗakinsa, ya sauka Balin ya tarar da makaɗan da bai taɓa gani ba, ba ya jin harshensu sosai, amma takardarsu ɗaya, sai a yi 'yan kwanaki ana gwaji a fita gaban jama'a. Verdi ya mutu tun 1901, amma har yau ana rera abin da ya tsara yadda ya tsara shi.

Yanzu bari in dawo gida, gama mu ma muna da namu. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa cikin 1923, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don yana ganin roƙo ne, bai dace da gidansu ba. Ya yi tallan goro, ya zauna Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa. Ya kai kalangunsa ƙasashen Afirka ta Yamma, har Turai da Amurka. Tun 1975 Malam Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta littafin neman digirin dakta a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi kansa digirin girmamawa. Ya rasu a watan Yuni 1999, aka binne shi a Daura. Ga kuma Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015, da ɗan kuntiginsa ya shiga ƙasashe masu yawa. Ban ce Estes ya fi Shata ba, ko kusa. Estes abin da wani ya rubuta ya ke rerawa, Shata kuwa nan take ya ke ƙaga tasa, yana kallon taro yana saƙa magana, wannan kuwa baiwa ce da makarantar Juilliard ba ta koyarwa. Amma a duba bambanci. Shata duk inda za shi sai da makaɗansa da 'yan amshinsa, domin waƙar tana cikin kawunansu ne kaɗai. Ya yi ƙarfin halin saɓa wa mahaifinsa, ya koya wa kansa, ya sami iyayen gida da suka riƙe shi. Yara nawa ne ke da irin wannan taurin rai? In sai mai zuciyar Shata ne kaɗai zai tsira da muryarsa, to, a cikin dubu ɗaya za mu samu, sauran sun nutse.

Shata ma ya yi sa'a ya zo zamanin faifai da rediyo. Makaɗan fadar Zazzau da suka rigaye shi fa, da matan da suka yi ta waƙar niƙa da daɓe, da masu kiɗan gayya a gonakin kakanninmu? Mu mun iya rubuta kalmomi tun da daɗewa. Waƙoƙin Nana Asma'u suna nan a ajami, haka na Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi wanda ya hau gado cikin 1903, haka Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi. Amma karin da su ke rerawa da shi sai abin da kunne ya miƙa wa kunne, in aka sami tsara guda da ba ta saurara ba shi ke nan ya tafi. A lura kuma, waɗannan da na ambata 'yar Shehu ce, da sarki, da malami. Ashe ba ɗaga murya da waƙa ne abin kunya ba.

Abin da ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai shi ne wani abu da na gani da idona. A makarantar mishan inda na yi karatu muna da wani dattijon malami mai koya mana waƙa ran Jumma'a da yamma. Ya kan rubuta do, re, mi da alli a allo, ya raba mu murya huɗu, ya hana mu ɗaga kafaɗa in za mu ja numfashi, ya ce daga ciki a ke jawo shi kamar guga daga rijiya. A wurinsa na fara jin sunan Estes, gama yana da wani tsohon kaset na waƙoƙin bayin Amurka da mutumin ya rera, ya kan sa mana mu ji yadda a ke riƙe sauti. Ni an sa ni cikin 'yan bas, amma cike layi kawai na ke yi. Mai muryar gaske wani ɗan ajinmu ne, ɗan manomin rake daga wani ƙauye a ƙasar Kudan. Da muryarsa ta fashe yana ɗan shekara 15, in ya sauka ƙasa sai ka ji bencin da ka ke zaune yana rawa. Malam ya riƙa tsai da shi bayan an tashi yana ƙara masa, har ya iya karanta layukan nan biyar kamar yadda mu ke karanta wasiƙa. Da muka kusa gamawa sai Malam ya hau kekensa ya tafi ƙauyen, ya sami wan uban yaron, wanda shi ne babban gida, ya roƙa a bar shi ya nema wa yaron hanyar ƙarin karatun kiɗa. Dattijon ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka kawo masa ruwa, ya saurara har ya gama, sa'an nan ya ce, "Malam, mun gode, Allah ya saka da alheri. Amma mu gidan nan tun kakanni ba mu gaji roƙo ba, ba kuwa a kaina za a fara ba." Malam ya ce, "Baba, ba roƙo na ke nufi ba, karatu ne." Ya ce, "Karatun da ƙarshensa a tsaya gaban mutane a buɗe baki, ai sunansa guda." Maganar ta mutu nan. Abokina yana nan lafiya lau, yana noman rake yana dafa mazarƙwaila, yana ci da iyalinsa da guminsa, ba abin raini a ciki. Sai dai muryar nan yanzu ba mai jin ta sai in yana kiran yara daga hayin fadama.

Ban ga laifin dattijon nan ba, gama abin da ya sani ya faɗa. A ƙasarmu mawaƙi bisa kyauta ya ke rayuwa. Dole ya sami ubangida, ya wasa shi, ya yi wa abokin gabansa zambo, in hannu ya sake ya sake baki. Har yau in lokacin zaɓe ya zo muna ganin yadda waƙa ke bin aljihu. Wane uba ne zai so ɗansa ya zama haka? Amma ya kamata a sani akwai wata hanya. Mawaƙi irin Estes ba ya kiran sunan kowa, ba ya miƙa hannu. Gidan wasa ke rubuta yarjejeniya da shi, sau da yawa tun da sauran shekara biyu ko uku, a faɗi ranaku, a faɗi lada, kowa ya sa hannu. Mai son ji ya sayi tikiti a ƙofa, attajiri da talaka kowa gwargwadon kujerarsa. In an tashi a biya shi kamar yadda a ke biyan likita ko magini. Abin da ya raba shi da maroƙi ke nan, ya san wani abu da sai an koya, ana kuwa biyansa don saninsa. Ba ina cewa yaranmu su bar Hausa su koma waƙar Jamusanci ba. Wanda Allah ya nufa da wannan ya tafi, ƙofa a buɗe ta ke, ga Musa na Afirka ta Kudu ya shiga. Amma horon da ya ɗaga waƙar Italiya zai iya ɗaga tamu.

Ga malamanmu na zaure kuwa, ina neman afuwa, ban zo in yi jayayya a kan abin da ya halatta da abin da bai halatta ba na kiɗa, wannan fagenku ne, ku kuka san shi. Ban kuma haɗa karatun Alƙur'ani mai girma da waƙa ba, Allah ya kiyaye. Misali kaɗai na ke so in ɗauka. Ku ne kuka fi kowa sanin cewa murya ba a barinta yadda ta fito. Almajiri ya kan yi shekaru gaban gwani yana gyaran mafitar harafi, da tsawon ja, da inda a ke tsayawa a ja numfashi. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shirya musabaƙa ta ƙasa, daga cikinta kuwa yaranmu sun fita har ƙasashen Larabawa sun ciwo girma. Me ya kai su? Malami ne, da ƙa'idar da ke rubuce. Abin da na ke faɗa ke nan tun ɗazu.

Saboda haka ina da roƙo huɗu. Na fari ga malaman makarantun boko na ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan. In yara suna rera taken ƙasa da safe, kada ku tsaya kuna duban agogo, ku bi layi ku kasa kunne. Wanda kuka ji Allah ya ba shi, ku kira shi ku gaya masa, gama yaro bai san abin da ke gare shi ba sai an faɗa masa. Ko sa'a guda a mako aka ware don koyon numfashi da karanta sauti, ta isa a fara, alli da allo kaɗai ta ke ci. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Na biyu ga waɗanda suka iya rubutun sauti, ko a makaranta suka koya, ko a majami'a, ko a bariki wajen 'yan badujala. Ku ɗauki takarda ku je wurin tsofaffi tun suna da rai, ku rubuta karin waƙoƙin noma da na daka da na reno, ku kuma ɗauki muryarsu a wayar hannu, tun da yanzu kusan kowane aljihu da ita. Masana sun yi nasu ƙoƙari. Turawa biyu, David Ames da Anthony King, sun buga littafin kalmomin kiɗan Hausa cikin 1971 bayan sun yi bincike a ƙasar Zazzau da Katsina, Malam Ibrahim Sheme da abokansa kuma sun fitar da tarihin Shata cikin 2006. Amma ba mai zuwa daga nesa ya rubuta waƙar kakarka, sai kai.

Na uku ga iyaye. In malami ya taka ya zo ƙofar gidanku saboda muryar ɗanku, kada ku yanke magana a zama ɗaya. Ku tambaye shi wace makaranta, shekara nawa, wane aiki ke bayanta. Karatun kiɗa ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashensa tun 1961, a Ikko kuma akwai ƙungiyar MUSON da aka kafa cikin 1983, tana da makarantarta. Wanda ya gama yana iya zama malami, ko mai tsara kiɗa, ko ma'aikacin gidan rediyo, ba lalle sai ya hau dandali ba.

Na huɗu ga masu hannu da shuni. Kuɗin da a ke liƙa wa mawaƙi a goshi dare guda don ya ambaci sunan mutum, da za a tara shi, ya isa ya riƙe yaro guda a makaranta shekara. Sunan da aka saya a filin biki da wayewar gari ya ke gushewa. Charles Kellis kuwa bai ba Estes ko kwabo don ya wasa shi ba, ga shi yau wani akawu a Nasarawan Doya yana rubuta sunansa a jarida.

In akwai wanda ya ga kuskure a maganata, ko malami ko mawaƙi, ina murna ya amsa mini ta wannan fili, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu kunnen jin abin da ya ajiye a cikin 'ya'yanmu, ya ƙara wa jaridarka albarka, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Nasarawan Doya, ƙasar Makarfi.